Jinyar Ladi, Talotalon da Na Tsinta a Stapleton

Wata Alhamis a watan Agustan 2018, ina cikin dama wa tsohuwar da nake kula da ita abin kari, wayata ta yi ƙara. Madam Lora ce, matar da ke riƙe da gonar da ake ajiye dabbobin da aka ceto. Ba ta saba kirana da safe ba, don haka tun kafin ta buɗe baki jikina ya ba ni. Ta ce Ladi ta mutu.

Ladi talotalo ce. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani ya fara yi mini ta'aziyya, daga baya ya ji kamar na yi masa wasa da hankali. Na san yadda abin yake a kunnen mutanenmu, ni ma a Tudun Wadan Zariya na tashi, inda ba a yi wa kaza kuka. Amma na yi jinyar tsuntsuwar nan sau biyu, na koyi abubuwan da ba wanda ya gaya mini tun da wuri, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta ko wani zai amfana.

Sunana Rabi. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, mijina Malam Isyaku kuma tasi yake tuƙawa. Muna zaune a bene na biyu a Stapleton, wata unguwa a Amurka da ruwa ya raba ta da Manhattan. A Nuwamban 2014, ana saura 'yan kwanaki bikin godiyar nan na Amurkawa da kowane gida ke gasa talotalo, na sauka daga bas ranar Lahadi da yamma sai na hango wani farin abu a gindin shinge. Na ɗauka leda ce, sai na ga ta motsa. Da na matsa na tarar da ita a kwance cikin ruwan sanyi, gashinta duk kashi da laka, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, an datse mata bakin da kan farata. Ba ta ko yi yunƙurin gudu ba. Na tuɓe rigar sanyina na naɗe ta, na rungumo ta har gida ina haki, don nauyinta ya kai na yaron da aka yaye.

Malam na ganina ya yi dariya ya ce Allah ya kawo nama har gida. Amma shi mutum ne mai tsoron hakki, washegari ya je shagon da muke sayen kaji masu rai ya yi cigiya. Mai shagon ya ce ba tasa ba ce, wataƙila daga motar da ke kawo su ta faɗo, mu ci abinmu. Malam ya dawo ya duba idon, ya juya ƙafar, ya ga tafin ya kumbura da wani baƙin ɓawo a tsakiya, ya ce shi ba zai ci nama mai ciwo ba. In yi jinyarta, in ta warke sai a san abin yi. To ka ji yadda jinyar ta fara, da niyyar tukunya.

Ba mu da wurin ajiye ta sai bahon wanka. Na shimfiɗa tsofaffin tawul na kwantar da ita. Makon farko ba ta ci komai ba, ruwa ma sai na ɗiga mata a gefen baki. Majina na fita ta hancinta, in ta yi numfashi ana jin wani ƙurƙur a maƙogwaro. Duk wanda zai yi wanka sai ya ɗauke ta ya ajiye a ƙasa, ya wanke bahon, ya gama, ya sake shimfiɗa. Warin kuwa ba a magana. Na ƙarar da turaren wutar da na yi wata da watanni ina tattali.

Shawara ba irin wadda ban sha ba. Inna ta ce a waya in daka barkono da tafarnuwa in zuba a ruwan shanta, in shafa wa ƙafar man shanu. Maƙwabciyata Anti Adiza, 'yar Kumasi, ta hau bene da kafso ja da rawaya a ƙulle a bakin mayafi, ta ce a zongo, unguwar Hausawa ta can garinsu, da shi suke tayar da kaji. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kullum in mun haɗu a matakala sai ta ce, "Rabi, yaya mai jiki? Ya ci abinci?" Yayata da ke unguwar University Heights kuwa cewa ta yi na zo Amurka na zama Baturiya, saura in saya mata gado. Na gwada barkonon, na gwada kafson. Majinar ta ɗan ragu, amma ƙafar sai ƙara kumbura take, ta yi zafi kamar an ɗora ta a wuta.

A mako na biyu na fara neman likitan dabbobi. Nan ne na sha takaici. Duk asibitin da na kira sai su ce karnuka da kyanwoyi kawai suke gani. Wata ma da ta ji na ce talotalo sai da ta sa na maimaita, na ji tana gaya wa na kusa da ita suna dariya. Da ƙyar na samu wani a Manhattan da ke duba tsuntsaye. Na sa ta a babban kwali na huda ramuka, Malam ya sauke mu a tashar St. George, muka hau feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane. Duk tsawon tsallaken ina zaune da kwali a gabana, mutane na leƙe, ni kuma ina ta addu'ar kada ta mutu a tsakiyar ruwa.

Mun yi zaman jira har na rasa aikin yamma. Masu aku, masu zomo, duk an shiga da su kafin mu saboda sun yi alkawari tun da wuri. Mai karɓar baƙi ta tambaye ni sunan mara lafiya. Ban taɓa tunanin suna ba, sai na tuna ranar Lahadi na tsince ta, na ce Ladi. Ta rubuta abin da kunnenta ya ji, shi ya sa har ta mutu Turawa Ledi suke kiranta.

Likitar yarinya ce, amma hannunta na da sanyi. Ta ce ciwon ƙafar sunansa bambulfut, kalmar da har yau ba ta fita kaina ba. Ƙaramin rauni ne ke samun tafin, ƙwayar cuta ta shiga, nauyin jiki ya yi ta danna wurin. Ta tsaga ta ciro wani abu fari mai tauri kamar wara, ta ce mugunyar tsuntsu ba ta zuba kamar ta mutum, daskarewa take, shi ya sa shafe-shafe ba ya fitar da ita. Da ta gama ɗaure ƙafar sai ta dube ni ta ce, "Irin waɗannan farare ba a ƙyanƙyashe su don su tsufa ba." Ta yi mini bayani cewa an yi su ne su yi ƙiba da sauri a yanka cikin 'yan watanni, ƙafafunsu da zuciyarsu ba sa iya ɗaukar jikin. In ina so ta rayu, sai dai in auna mata abinci, in yawaita ganye, in hana ta duk abin da zai ƙara mata nauyi. Kuɗin da suka caje ni ya kusa cinye albashin makon. Na gode wa likitar da zuciya ɗaya, amma a kan feri na dawo ina ta tsaki.

Daga nan aiki ya zama na safe da yamma. In jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, in share, in sa magani, in naɗe da bandeji. Maganin sha kuma da sirinji nake ɗura mata, Malam na riƙe fukafukai. Ran farko ya riƙe yana kawar da kai. Ya kuma so ya riƙa ba ta ragowar tuwo da shinkafa, da na hana ya ce wace irin jinya ce ake yi wa mara lafiya rowar abinci.

Cikin mako na uku idon ya buɗe. Ta fara tsattsagar latas daga tafin hannuna, da yake bakin a datse yake sai rabi ya zube. Bayan 'yan kwanaki na shiga na tarar da ita a tsaye a cikin baho, ƙafa ɗaya a ɗage, tana kallona. Ran nan ne na fara jin kukanta na jin daɗi, wani siririn sauti mai karkarwa da take yi a maƙogwaro in ana shafa ta ƙarƙashin fiffike. Wata safiya kuma ina kicin na jiyo Malam ya shiga alwala yana cewa, "Matsa mana, Hajiya, kin tare hanya." Na ci gaba da aikina. Da yamma ya dawo da kabeji, ya zauna ya yanka shi siriri-siriri da kansa.

Muna cikin haka bututun ruwa ya fashe a ƙasa, mai kula da ginin ya shigo duba namu. Ya buɗe ƙofar bayi, shi da Ladi suka tsaya suna kallon juna. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, amma ya ce dokar birni ta hana ajiye talotalo a gida, in mai ginin ya ji mu ma za mu iya rasa ɗakin. Ya ba mu zuwa sabuwar shekara. Yayata ta ce ai abin bai kai a yi ta tunani ba, tsuntsuwa ta warke, wuƙa tana kicin. Na dubi Malam, don maganar tasa ce tun farko. Ya ce, "Na yanka ragunan da na yi kiwo da hannuna, ban taɓa jin komai ba. Wannan dai hannuna ba zai yi ba. Kada ki tambaye ni dalili."

Likitar ce ta haɗa mu da Madam Lora. Gonarta tana arewa da birni, tafiyar awa biyu da wani abu. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta sayi fili, tana karɓar dabbobin da suka tsere daga mayanka ko aka yasar. Malam ya ajiye aiki ranar, ya ɗauke mu a tasinsa, Ladi a kujerar baya. Muka tarar da doguwar mace da takalmin roba, hannuwanta duk kaushi. Kafin ta gaishe mu sosai sai da ta juya ƙafar ta duba ɗaurin, ta tambayi wa ya yi. Na ce ni ce. Ta gyaɗa kai ta ce ba sai ta kwance ba. Aka sa Ladi a rumfa mai ciyawa busasshiya, ta yi ta tona da ƙafarta mai lafiya kamar wadda ta tuna wani abu. Na yi kuka a mota da za mu dawo, Malam ya yi kamar bai gani ba.

Shekara uku da rabi ta yi a wurin. Muna zuwa duk sanda aiki ya bari, wani lokaci wata guda, wani lokaci sai a yi wata uku. In na tsaya a bakin shinge na kira sunanta, sai ta taho tana rangaji, ta zo ta ɗora wuyanta a cinyata. Ta yi ƙawance da wani tsohon bunsuru mai ido ɗaya, tare suke shan hantsi. Ta koyi wanka da ƙasa, ta koyi satar kankana daga bokiti. Ƙafar takan tashi duk lokacin da ƙasa ta jiƙe, a ɗaure, ta lafa. Ba komai ne ya yi mini daɗi a gonar ba. Masu zuwa taimako yawancinsu ba sa cin nama, wata budurwa da ta ji muna yanka rago da Layya ta tsare ni da wa'azi har raina ya ɓaci. Madam Lora ta kira ta gefe, ban san me ta gaya mata ba, ba a dai sake ba. Ita Madam Lora kanta ba ta taɓa tambayarmu abin da ke tukunyarmu ba.

Ciwon ƙarshe ya fara ne a Yulin 2018, lokacin da zafi ya yi tsanani. Makon farko Madam Lora ta ce Ladi ta fiye kwanciya, tana numfashi baki a buɗe. Duk muka ɗora wa zafi, aka kunna mata fanka. Da na je a mako na biyu na kira ta, ta ɗago kai ta amsa amma ba ta taso ba. Fatar kanta da na sani ja-ja ta yi duhu kamar ta shuni. Likitan da ke zagaya gonaki ya zo ya saurari ƙirjinta, ya ce zuciyar ta gaji, ruwa na taruwa a ciki. Ya ba da ƙwayar da za ta rage ruwan, ya kuma gaya mana gaskiya cewa sauƙi kawai za ta ba ta, ba warkarwa ba.

Maganin ya yi aiki har muka fara sa rai. A mako na uku ta tashi ta taka zuwa bakin rumfa, ta ci kankana, launin kanta ya dawo. Madam Lora ta turo mini hoto, na nuna wa Anti Adiza, ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Sai kuma ƙafafun suka ƙi. In ta yunƙura sai ta kife a kan ƙirji, kuma kwanciya a kan ƙirjin na ƙara toshe mata numfashi. Madam Lora ta haɗa wani firam da bututun roba don a rataye ta a ɗauke wa ƙafafun nauyi, amma ƙyallen da ta sa yana zamewa. Na zo da tsohon zanina na atamfa, na huda wa ƙafafu wuri, na ɗaure shi ta bayan fukafukai yadda ake goyo. Ta zauna daram a ciki, yatsunta na taɓa ƙasa kaɗan, kanta a sama tana kallon waje. Bunsurun ya zo ya kwanta a gefenta. A haka take wuni, da dare a sauke ta a kan ciyawa.

Ranar da na je ta ƙarshe, Madam Lora ta zaunar da ni a kan damin ciyawa ta ce lokaci ya yi da za a yi maganar allura, wadda za ta sa ta barci ba ta farka ba. Ta ce ita ke da gona, amma ni na tsinto ta, ba za ta yi ba sai da yardata. Na roƙe ta ta ba ni lokaci in yi tunani. A aikina na zauna da tsofaffi da dama har ransu ya fita, ban taɓa zama wadda za a tambaya yaushe ba. Na dawo gida abinci ya ƙi ciwuwa. Malam ya je ya samu limamin masallacinmu bayan la'asar, yana jin nauyin tambayar, yana tsoron a yi masa dariya. Liman bai yi dariya ba. Ya ce dabba amana ce, in masana sun tabbatar ba za ta tashi ba kuma tana shan wuya, hutar da ita ba zalunci ba ne, barinta cikin azaba don mu ji sanyi a ranmu shi ne abin dubawa. Na kira Madam Lora na ce na yarda, amma a bari sai Asabar in zo in riƙe ta.

Ba ta kai Asabar ba. Madam Lora ta ce da ta shiga da safe ranar Alhamis ta tarar da ita a kan ciyawa, kai a cikin fiffike, jikin da sauran ɗumi.

Ga wanda Allah ya haɗa shi da irin wannan tsuntsu, abin da zan ce kaɗan ne. A riƙa juya ƙafa ana duba tafin, baƙin ɗigo ƙarami shi ne mafarin babban ciwo, kuma barkono ba ya kai wa can. A nemi likitan da ke ganin tsuntsaye tun kafin a buƙace shi, don ranar da ake buƙata ba ranar yawon waya ba ce. Kada tausayi ya sa a cika mata kwano. In kuma aka ga tana numfashi baki buɗe, launin kai ya canza, kada a tsaya cewa zafi ne kamar yadda muka tsaya. Likitan ya ce ko da mun kira shi da wuri ƙarshen ɗaya ne, amma da ta samu sauƙin mako guda da ba ta samu ba. Ya kuma ce bai cika ganin irinta ta kai shekara huɗu ba. Wannan maganar ita nake riƙewa.

Ranar Alhamis ɗin na samu wadda ta karɓe ni a aiki, Malam ya ajiye fasinjansa na ƙarshe, muka kama hanya. Mun isa rana ta yi sanyi. Madam Lora ta nuna wani wuri a bayan rumfa, ƙarƙashin itacen tuffa, ta ce za ta kira mai injin haƙa. Malam ya ce a ba shi shebur. Ƙasar wurin duk duwatsu ce, ya yi ta fama har tafin hannunsa ya yi bororo, bai yarda an karɓe shi ba. Muka sa ta, muka mayar da ƙasa. Madam Lora ta tambaya ko akwai abin da muke faɗa a irin wannan lokaci. Malam ya ce ba a yi wa dabba salla, sannan ya ce da Hausa, "Allah, aro ka ba mu, mun gode." Na fassara mata, ta share ido da bayan hannu.

Muna wanke hannu a famfo sai muka ji wani kuka daga ƙaramar rumfa. Madam Lora ta ce wata tunkiya ce da aka kawo daga birni shekaranjiya, an same ta tana yawo a gefen babbar hanya, kofatonta ya ruɓe. Tun safe ya kamata a wanke a sa magani, mai taimaka mata bai zo ba, ita kaɗai kuma ba za ta iya kayar da ita ba. Ta faɗa ne kawai, ba roƙo ta yi ba. Na dubi Malam, na dubi hannunsa. Ya riga ya fara naɗe hannun riga.

Ya shiga ya kama tunkiyar ta wuya da cinya ya kwantar da ita cikin dabara, ya danne da gwiwa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta daina shure-shure. Madam Lora ta yanke ruɓaɓɓen wurin, ni na wanke na ɗaure. Da muka sake ta, ta miƙe ta yi taku biyu tana ɗingishi, ta sa baki a ciyawa.

Malam ya karkaɗe wandonsa, ya tambayi Madam Lora sau nawa ake canza ɗaurin. Ta ce duk bayan kwana biyu, har sai ya bushe.

Ya juyo ya ce mini, "Gaya mata ranar Asabar ta jira mu."